Yadda za ka zaɓi sifikar da ta dace da amfilifayarka da ɗakinka

Yawancin masu sayen kayan sauti na gida da tambaya ɗaya suke shiga kasuwa: wat nawa ce? Da zarar mai shago ya nuna kwalin da aka rubuta wa 3,000 ko 5,000 da manyan lambobi, sai ciniki ya faɗa. Bayan 'yan makonni kuma sai ɗayan biyu ya faru: ko dai amfilifaya ta riƙa ɗaukar zafi tana kashe kanta, ko kuma sifika ta fara ƙarar gwangwani, muryar mai magana ta nutse cikin rugugi. Daga nan sai wurin mai gyara, a sake kashe kuɗin da ba a yi tanadinsu ba.

Sau da yawa kayan ba jabu ba ne, haɗin ne bai dace ba. Sautin da ke isa kunnen mai sauraro aikin abubuwa uku ne: amfilifaya wadda ke ƙara wa sautin ƙarfi, sifika wadda ke mayar da wutar lantarki ta zama sauti, sai kuma ɗakin da sautin ke yawo a cikinsa kafin ya kai kunne. Idan ɗaya ya saɓa wa sauran, tsadar kayan ba za ta rufe aibin ba. Duk wanda ya fahimci lambobi uku da ke jikin kayan, ya kuma auna ɗakinsa, zai iya zaɓen da ba zai yi da-na-sani ba.

Yadda sifika ke aiki

Tsarin sifikar da ake amfani da ita a yau ya samo asali ne daga aikin wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, waɗanda suka bayyana shi a 1925. A cikinta akwai maganaɗisu, da naɗin siririyar waya da masu gyara ke kira koyil, da faifai mai siffar mazurari. Idan wuta ta ratsa koyil, sai ya riƙa kai-komo, ya motsa faifan, faifan kuma ya tura iska. Wannan girgizar iskar ce kunne ke ji.

Abin lura shi ne, kusan kashi ɗaya ne kacal cikin ɗari na wutar da ke shiga sifikar gida yake zama sauti, ragowar kuwa zafi ne da ke taruwa a koyil. Shi ya sa ƙonewa ce ajalin yawancin sifikoki.

Ana auna kauri ko sirantar sauti da yawan girgizarsa a daƙiƙa ɗaya, a rubuta Hz. Lafiyayyen kunnen matashi yana jin daga 20Hz zuwa 20,000Hz. Faifai ɗaya ba ya iya ɗaukar wannan zango duka da kyau, don haka ake raba aikin: babban faifai, wato wufa, ya ɗauki sauti mai kauri irin na ganga, ƙaramin kuma, wato tuwita, ya ɗauki siririn sauti. Shi kuwa tsarin sitiriyo, wanda injiniyan Ingila Alan Blumlein ya yi wa rajista a 1931, yana raba sauti gida biyu, hagu da dama. Saboda haka sifikoki biyun dole su zama iri ɗaya, ƙirar kamfani ɗaya, a kuma ajiye su nesa da juna.

Kafin komai, a tantance nau'in sifikar. Wadda take da wayar da ake sa wa a soket tana da tata amfilifayar a ciki, kuma jona ta da inda babbar amfilifaya ke fitar da wutar sifika yana iya lalata ta. Bayanin da ke tafe ya shafi sifikar da ba ta da wutar kanta, wadda ta dogara kacokan ga amfilifaya.

Lamba ta farko: om

A bayan kowace sifika ta ƙwarai akwai lamba da alamar Ω a gefenta, yawanci 4 ko 6 ko 8. Wannan shi ne om, ma'aunin da aka sa wa sunan masanin Jamus Georg Ohm. Yana nuna irin turjiyar da sifika ke yi wa wutar da amfilifaya ke turo mata. Yadda lambar ta yi ƙasa, haka sifikar ke jan wuta da yawa. Sifika mai om 4 tana jan ninkin abin da mai om 8 ke ja, ko da maɓallin ƙara yana wuri ɗaya. Idan ba a ƙera amfilifayar don wannan nauyi ba, sai ta yi zafi. Mai na'urar kariya za ta kashe kanta, marar ita kuma ta ƙone.

A bayan amfilifaya, kusa da inda ake ɗaura wayoyi, ana rubuta iyakar abin da za ta iya ɗauka, misali 4 zuwa 16, ko 8 zuwa 16. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kada om ɗin sifika ya gaza ƙaramar lambar da ke nan. Sa sifika mai om 8 a amfilifayar da ke ɗaukar 4 ba shi da wata illa. Akasin haka ne ke jawo asara.

Sai dai lambar da ke jikin sifika ba tsayayya ba ce. Turjiyar tana hawa tana sauka gwargwadon sautin da ke fita, ta yadda wadda aka rubuta wa 8 kan iya sauka zuwa 5 ko ƙasa da haka a wasu wurare. Wannan ne ya sa mai ƙaramar amfilifaya ya fi samun kwanciyar hankali da sifika mai om 8.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen ƙara yawan sifikoki. Idan aka ɗaura biyu masu om 8 a kan mahaɗa ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, amfilifaya tana ɗaukarsu a matsayin om 4. Idan masu om 4 ne, sun koma 2, nauyin da amfilifayar gida kaɗan ce ke iya jurewa. A yawancin amfilifayoyi, maɓallin nan na A da B irin wannan haɗin yake yi, shi ya sa ake rubuta cewa idan za a kunna su tare, kada kowace sifika ta gaza om 8. Haka nan a kiyayi sifikokin mota, waɗanda galibi om 4 ne wasu ma 2, da kuma ƙananan sifikokin da ke zuwa cikin kwali ɗaya da na'urar kallon fim, domin da yawansu om 3 ne, an yi su ne don na'urarsu kaɗai.

Lamba ta biyu: wat

Wat ɗin da ke jikin amfilifaya da wanda ke jikin sifika ba abu ɗaya suke nufi ba. Na amfilifaya ƙarfin da take iya bayarwa ne. Na sifika kuwa ƙarfin da take iya jurewa ne kafin ta lalace. Sifika mai wat 200 ba ta fi mai wat 100 ƙara don wannan lambar kawai ba, kamar yadda babbar randa ba ta ƙara yawan ruwan rijiya.

Lambar da ake dogara da ita ita ce wadda aka rubuta wa RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore, a kowane ɓangare, a kan om kaza. Ita kuwa PMPO, wadda ake bugawa da manyan haruffa a kan kwali, ba ta da wata ƙa'idar awo da aka yarda da ita, kowane kamfani yadda ya ga dama yake lissafa ta. Irin wannan zuzuta lambobi ne ya sa hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kafa doka a 1974, wadda ta tilasta wa masu sayar da amfilifaya bayyana ƙarfin da take bayarwa a ɗore.

Akwai dabarar gano gaskiya cikin sauƙi. A duba bayan na'urar inda aka rubuta wutar da take ci daga soket. Kamfanoni sun bambanta wajen auna wannan, don haka kimantawa ce kawai, amma na'urar da ke cin wat 60 ba ta da hanyar fitar da 3,000.

Mutane da yawa sun ɗauka babbar amfilifaya ce kaɗai ke ƙona sifika. Ƙarama ma tana ƙonawa. Idan aka murɗa ta fiye da iyawarta, sai ta riƙa gutsure kan sautin, ya fito a dagule, kuma wannan dagulallen sauti yana tura wa tuwita zafin da ya fi ƙarfinta. Sifika mai wat 100 tana iya rasa tuwitarta a hannun amfilifaya mai wat 20 da aka ƙure. Alamar ita ce sauti ya yi kaushi yana sukar kunne. Da an ji haka, a rage.

Kamfanonin ƙwarai sukan rubuta zangon amfilifayar da ta dace, misali wat 20 zuwa 100. Abin da ya fi shi ne a zaɓi wadda ke tsakiya ko sama a wannan zango, a kuma yi amfani da ita da hankali.

Lamba ta uku, wadda aka fi mantawa da ita

Lambar da ke nuna ainihin ƙarar sifika ita ce wadda ke ɗauke da haruffan dB, wato desibel. Idan aka rubuta 88dB, ana nufin ƙarar da sifikar ke bayarwa idan aka ba ta wat ɗaya tak, aka auna daga nisan mita ɗaya. Sifikokin gida galibi suna tsakanin 84 da 92.

Bambancin yana kama da ƙarami a ido, amma a aikace babba ne. Kowane ƙarin desibel 3 yana buƙatar ninka ƙarfin amfilifaya. Ke nan sifika mai 92dB a kan wat 25 za ta yi ƙara daidai da mai 86dB a kan wat 100. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka kuwa, sai an ƙara kusan desibel 10, wanda ke buƙatar ƙarfi ninki goma. Wanda ya sayar da amfilifaya mai wat 50 ya sayi mai 100 don neman ƙara, desibel 3 kawai ya saya da kuɗinsa.

Ga misali a falo. Sifika mai 88dB, mai sauraro yana zaune nisan mita 3. Nisan yana rage kusan desibel 9 zuwa 10, sifika ta biyu ta mayar da kusan 3, bangon ɗaki ma ya mayar da wani abu. Wat ɗaya ke nan zai ba da wajen 82, wanda ya riga ya wuce ƙarar hira nesa ba kusa ba. Wat 10 zai kai 92, wat 50 kuma ya kusa 99. Wannan yana nuna cewa a sauraro na yau da kullum wat ɗaya zuwa biyar ake ci, ragowar tanadi ne don lokacin da kiɗa ya yi tsalle. Amfilifaya mai wat 40 zuwa 80 na gaskiya a kowane ɓangare ta wadatar da matsakaicin falo.

Wani abin lura: wasu kamfanoni sukan rubuta 2.83V a maimakon wat ɗaya. A sifika mai om 8 duk ɗaya ne, amma a mai om 4 wannan wat biyu ne, don haka a cire desibel 3 daga lambar kafin a gwada ta da wata.

Ɗakin ma kayan sauti ne

Sifikar da ta yi daɗi a shago kan iya zama abin haushi a gida, domin babban kaso na abin da kunne ke ji ya fara dukan bango ko silin ko daɓe ne kafin ya iso. Gidajenmu na bulo da siminti, masu daɓen tayil da tagogin gilashi, ba sa shanye sauti, mayar da shi suke yi. Gwajin ba shi da wuya: ka tsaya a tsakiyar ɗaki ka tafa sau ɗaya da ƙarfi. Idan ka ji amo yana bin bayan tafin, to ɗakin zai dagula magana ko da wace sifika aka sa. Maganinsa kafet a tsakanin sifika da wurin zama, labule mai kauri, kujerun kushin da kantar littattafai. Sau da yawa kafet ɗaya yana gyara sauti fiye da sabuwar na'ura.

Sauti mai kauri yana da tasa matsalar daban. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, kuma tsakanin kowane bango biyu masu fuskantar juna akwai wani sauti da ke taruwa yana ƙaruwa. Ana gano shi ta raba 343 da ninkin tsawon ɗakin. A ɗakin nan da magina suka saba fitarwa, ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, wato kusan mita 3.66, lissafin yana ba da kusan 47Hz. Kasancewar tsawo da faɗi ɗaya ne, sai matsalar ta haɗu a wuri guda. Sakamakon shi ne wanda ke jingine da bango ya ji rugugi ya cika masa kai, na tsakiyar ɗaki kuma ya ji kamar an zare kaurin gaba ɗaya. Kafet da labule ba sa maganin wannan. Abin da ke taimakawa shi ne girman sifikar da ya dace, da wurin da aka ajiye ta.

Ga ɗakin kwana ko ƙaramin falon da bai wuce murabba'in mita 15 ba, ƙaramar sifika mai wufa inci 5 zuwa 6 da rabi ta isa. Irinta tana sauka zuwa wajen 50 ko 60Hz, bango kuma ya cika mata sauran. Dogayen sifikokin da ke tsayawa a ƙasa, masu sauka zuwa 30 ko 40Hz, sun fi dacewa da falon da ya kai murabba'in mita 25 zuwa sama. Sa su a ƙaramin ɗaki ba ya haifar da komai sai rugugi. Wanda ke son kauri don kallon fim, ya fi masa ya haɗa ƙananan sifikoki da sabwufa guda mai wutar kanta, ya saita ta ta karɓi abin da ke ƙasa da 80Hz, domin ita ana iya matsar da ita har a sami inda ta zauna daidai.

A kuma duba ko akwatin yana da rami. Mai rami yana ba da kauri da yawa daga ƙaramin jiki, amma idan ramin a baya yake, yana buƙatar tazarar aƙalla santimita 30 daga bango. Rufaffen akwati, irin wanda Edgar Villchur ya fito da shi a 1954 ta kamfanin Acoustic Research, kaurinsa bai kai haka yawa ba, amma ya fi tsabta, ya kuma fi haƙuri da kusantar bango. Wanda ba shi da fili ya nemi rufaffe ko mai rami a gaba.

Inda za a ajiye su

Sifikoki biyu da mai sauraro su zama kamar duwatsun murhu: nisan da ke tsakanin sifikokin ya yi daidai da nisan kowace zuwa wurin zama, misali mita 2 zuwa 3. A ɗan karkato fuskokinsu zuwa ga mai sauraro. Tuwita ta kasance daidai tsayin kunnen wanda ke zaune, domin siririn sauti miƙe yake tafiya kamar hasken tocila. Ɗora sifika can kusa da silin, ko ajiye ƙarama a ƙasa bayan kujera, asarar rabin abin da aka saya ne.

A guji lungu, inda bango biyu suka haɗu, domin nan ne kauri ke kumbura. A guji cusa sifika cikin kabad. Kujerar ma, idan da hali, a ɗan janye ta daga bangon baya. Idan an dace, muryar mai karanta labarai za ta fito daga tsakiya, kamar akwai wata sifika ta uku da ba a gani.

Waya da wutar lantarki

Ba a buƙatar waya mai tsadar gaske, amma ana buƙatar mai kauri ta jan ƙarfe zalla. Mai milimita 1.5 ta isa idan nisan bai wuce mita 8 zuwa 10 ba, idan ya wuce ko sifikar mai om 4 ce, a nemi mai 2.5. Akwai wayoyin alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ana gane su da rashin nauyi, kuma idan aka kankare bakin sai a ga fari.

A kashe amfilifaya kafin a taɓa waya. Silin waya ɗaya da ya kuɓuce ya haɗa ja da baƙi ya isa ya ƙona ta. Ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, a ɓangarorin biyu. Idan aka juya ɗaya, babu abin da zai ƙone, amma faifan ɗaya zai riƙa turawa ɗayan yana ja, kauri ya ɓace, murya ta rasa tsakiya.

Wutar Najeriya da ta Nijar tana tsakanin bolt 220 da 230. Ta Amurka 120 ce, ta Japan kuma 100. Yawancin tsofaffin amfilifayoyin da ake shigowa da su daga waɗannan ƙasashe wutar can suke ci, kuma sa su a soket kai-tsaye ƙonewa ce nan take. A karanta bayan na'urar, idan ta can ce a nemi taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya ɗara abin da na'urar ke ci. Sitabilaiza ma tana da amfani inda wuta ke hawa da sauka. Idan an ɗauke wuta a kashe amfilifaya, kada dawowarta ta same ta a kunne. Masu sola su sani cewa inbata mai araha, wadda wutarta ba ta fita sumul, tana sa na'ura gurnani da zafi, sannan amfilifaya nau'in Class D ta fi tattalin batir, domin tana mayar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na wutar da ta ci zuwa ga sifika. A bar mata sarari a sama don iska, musamman a watannin bazara, a kuma rufe kayan da ƙyalle idan an kashe su lokacin ƙurar hunturu.

Idan na hannu za a saya

Kayan tokumbo da ke fitowa daga kasuwar Alaba ta Legas zuwa kasuwannin Arewa sukan ƙunshi sifikoki masu inganci a farashi mai sauƙi, amma sai an duba da kyau. A cire ragar gaba a kalli zoben da ya kewaye wufa. Idan na soso ne, yakan ruɓe bayan shekaru, zafi kuma yana gaggauta hakan. Ana iya sauya shi, amma a cire kuɗin gyaran daga farashi. A sa yatsu a kewayen tsakiyar faifan a danna a hankali. Idan aka ji yana gogar wani abu, koyil ya taɓa ƙonewa. A kara kunne kusa da kowace tuwita a tabbatar tana fitar da sauti, domin matacciyar tuwita ba ta nuna alama a ido.

Mai mitar awo ya auna bakin wayar. Sifika mai om 8 takan nuna wajen 6, mai om 4 kuma wajen 3. Idan biyun sun bambanta sosai, an taɓa sauya wani abu a ciki. A ƙwanƙwasa jikin akwatin: na kirki yana da nauyi kuma amonsa gajere ne, marar kyau kuwa yana amsawa kamar ganga.

Gwajin kunne

A nan ji ne ya kori gani. Ka tafi da abin da kunnenka ya saba da shi. Muryar mutum ita ce babban ma'auni, ko karatun Alƙur'ani na makarancin da ka sani, ko labaran rediyo, domin kowa ya san yadda murya take a zahiri. Idan ta fito kamar daga cikin tulu, ko haruffa irin su "s" da "sh" suna sukar kunne, sifikar tana da aibi. Daga nan a gwada kiɗa. Kalangun da ke rakiyar waƙoƙin Mamman Shata yana hawa yana sauka kamar magana, kuma sifikar kirki za ta bari a ji wannan hawa da saukar maimakon dum-dum iri ɗaya. Kuntigin Ɗan Maraya Jos kuwa zai nuna ko siririn sauti yana fita da tsabta.

A sa mai shago ya mayar da maɓallan bas da tirebul tsakiya. A gwada sifikoki biyu a ƙara ɗaya, domin kunne yakan ɗauki wadda ta fi ƙara a matsayin wadda ta fi kyau. A saurara a ƙasa-ƙasa kuma, tunda haka za a fi amfani da ita a gida. Idan da hali a tafi da amfilifayar, ko a yi yarjejeniyar dawo da kaya idan ba su dace da ɗakin ba. Wajen rabon kuɗi, sifika ce ta fi cancantar kaso mafi tsoka, domin ita ce ta fi sauya sauti, kuma ta kirki tana iya shekara ashirin tana aiki.

Kunne ba shi da safaya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ma'aunin da ta bayar ga baligi shi ne desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Idan sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa. Idan kunne yana ƙugi bayan an kashe, an riga an yi masa illa, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Yara ƙanana da ke wasa a gaban sifika sun fi kowa shiga haɗari.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabtaka. Sauti mai kauri shi ne ya fi ratsa bango, ta yadda abin da mai ɗaki ke ji a matsayin kiɗa, rugugi kawai yake isa ga na ɗaki na gaba, wanda wataƙila marar lafiya ne ko mai jinjiri. A gidan haya, ƙaramar sifika mai tsabtar sauti ta fi babba zaman lafiya.

Kafin ka nufi kasuwa, ka rubuta abubuwa huɗu a takarda: ƙaramin om ɗin da amfilifayarka ke ɗauka, wat ɗinta na RMS, tsawo da faɗin ɗakinka, da tazarar da za ka iya bari tsakanin sifika da bango. Da wannan takarda a hannu, kai za ka faɗa wa mai shago abin da kake nema, ba lambar da ke kan kwali ce za ta yi maka zaɓi ba.